Katin Zaɓe da Kwandon Cefane: Yadda Ake Fito da Unguwa Ranar Zaɓen Komin da na Depite

Duk wanda ya taɓa biyan tikitin rumfa a kasuwar Marwa, ko ya bi layin neman takardar haihuwar ɗansa a Garwa, ko ya tura babur cikin taɓon hanyar ƙauyensu da damina, ya riga ya yi hulɗa da komin ko da bai san sunan kansila ɗaya ba. Kasuwa, tasha, mayanka, rijiyar burtsatse, kwashe shara, ginin azuzuwan firamare da rajistar haihuwa duk suna cikin ayyukan da doka ta ɗora wa komin, wato ƙaramar hukuma. Amma zaɓen masu riƙe da waɗannan ayyuka shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A na ranar 9 ga Fabrairu 2020, waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Amurka, zaɓen tsakiyar wa'adi da ake yi shekara biyu bayan na shugaban ƙasa, inda ake sabunta kujeru 435 na majalisar wakilai, shi ma fitowar jama'a raguwa take yi. A Kamaru wa'adin shugaban ƙasa shekara 7 ne, na depite, wato 'yan majalisar dokoki, da kansiloli shekara 5, saboda haka zaɓensu yakan faɗo shi kaɗai. Ga kuma ɗagewa: wanda ya kamata a yi a 2018 sai 2020 aka yi shi, aka sake tsawaita wa'adin a 2024. Mutum ya ji an ɗage sau ɗaya, sau biyu, sai ya cire abin daga ransa.

Abin da za ku faɗa wa mai cewa ba ruwansa

Kada ku fara da wa'azin kishin ƙasa, ya sha jin sa. Ku ba shi lissafi. Majalisar dokoki kujeru 180 gare ta, kuma 51 daga ciki na jihohin arewa uku ne: Arewa Mai Nisa 29, Arewa 12, Adamawa 10. Komin 360 ne a ƙasar, 89 a arewa. Kansilolin da kuka zaɓa su ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. Suna kuma jefa ƙuri'a a zaɓen sanatoci 70 daga cikin 100, su ne kuma ke zaɓen wakilai 70 daga cikin 90 na majalisar jiha. A Garwa, Marwa da Ngaundere, inda kowane birni ya kasu komin uku, su ne ke zaɓen babban magajin birni tun daga 2020, kujerar da a da naɗi ake yi. Har takarar shugaban ƙasa tana rataye a nan: jam'iyyar da ba ta da zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya, ɗan takararta sai ya tara sa hannun manyan mutane 300. Jam'iyyar adawa ta MRC ta ƙaurace wa zaɓen 2020, da 2025 ta zo kuwa ba ta da hurumin tsayar da kowa kai tsaye da sunanta.

Akwai kuma yadda ake raba kujerun komin, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Jeri ake zaɓa, ba mutum ɗaya ba. Komin da mutanensa ba su kai 50,000 ba kansiloli 25 yake da su. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u, ko da da ƙuri'a ɗaya ce, ya kwashe duka 25 ɗin. In babu wanda ya haura rabi, wanda ya fi yawan ƙuri'u ya ɗauki 13, sauran a raba bisa yawan ƙuri'u tsakanin jerin da suka kai kashi 5 cikin 100. Ma'ana, gidaje kaɗan da suka kwana ranar zaɓe suna iya zama bambanci tsakanin majalisar da baki ɗaya ne a cikinta da wadda ake tambayar inda kuɗi suka tafi.

Takardu tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan waɗanda ba sa zaɓe a unguwanninmu ba ƙi suka yi ba, takarda ce ta tsare su, kuma takardun sarƙa ne: sai da takardar haihuwa ake yin katin shaidar ɗan ƙasa, sai da katin ake rajistar zaɓe. Saboda haka aikin farko na littafi ne da biro.

Ku haɗu mutum biyar zuwa bakwai, a ciki lallai da mata aƙalla biyu, domin akwai gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba. Ku fara gaida jauro ko lawan na unguwa, ku gaya masa abin da za ku yi, ku kuma gaya masa ba da sunan wata jam'iyya kuka zo ba. Kowa ya ɗauki gida ashirin zuwa talatin, kada ya wuce haka, domin sau uku ko huɗu zai koma kowane gida. A littafin a ja layi huɗu gaban sunan duk wanda ya kai shekara 20 ko yake gab da kaiwa: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, rajista, katin zaɓe a hannu. Kada ku rubuta lambar katin kowa, kada kuma ku karɓi katin kowa ku ajiye. Ranar da aka ji kuna tara katuna, ranar aikinku ya mutu, kuma da gaskiyar masu zargi.

Wanda ba shi da takardar haihuwa kuma lokacin bayyana haihuwar ya wuce, sai ta hanyar hukuncin kotu, da shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekaru. Wannan shi ne mafi jan lokaci, da shi za ku fara. Ku riƙa tambaya a ofishin magajin gari ko akwai zaman kotun tafi-da-gidanka da ke tafe, domin a irin wannan zama ana gama mutane da yawa a rana ɗaya, kuɗin ma da sauƙi. Ku sa ido musamman kan waɗanda rikici ya kora daga Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logon da Shari, da waɗanda ambaliya ta cinye wa kaya a yankin Yagwa. Da yawansu sun taɓa mallakar takardu, neman kwafi ne ya kamace su ba sabon hukunci ba, kuma yin takarda ta biyu da wata ranar haihuwa daban yana jawo rigimar da takan hana katin ɗan ƙasa fitowa shekara da shekaru.

Rajista a wurin ELECAM, hukumar zaɓe, kyauta ce. Ana buɗe ta daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta kowace shekara. Sharaɗi: ɗan Kamaru, shekara 20, wanda asalinsa a komin ɗin yake ko ya yi aƙalla wata shida yana zaune a ciki. Wanda zai cika shekarun kafin ranar zaɓe shi ma yana iya yi. Tarkon da ke kama mutane shi ne wannan: ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar kiran masu zaɓe, rajista ta tsaya cak, kuma dokar tana fitowa ne aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Mai jiran sai ya ga fosta a bango ya riga ya makara da wata biyu da rabi, tunda kamfen kwana 15 kacal yake yi. Ku yi aikin tsakanin Janairu da Afrilu, kafin ruwa ya sauka manoma su watse gonaki.

In kun tara mutum talatin ko arba'in masu katin ɗan ƙasa, ku je ofishin ELECAM na komin ku roƙi a kawo na'urar rajista unguwa ko bakin kasuwa. Ku tanadi inuwa, benci da wurin cajin batir. Kowa ya duba rubutun sunansa kafin ya tashi, domin Usmanu da aka rubuta Ousmanou a wannan kati, Oussoumanou a wancan, gardama ce ke jiransa a rumfa. A adana ɗan rasit ɗin da aka bayar. Wanda ya ƙaura, kamar amaryar da aka kai wani gari, canjin wuri za a nema mata, kada ta sake sabuwar rajista, domin rajista biyu laifi ne. Wajen Oktoba ana manna jerin wucin gadi a ofishin, ku aika mutum ya bi sunayen littafinku ɗaya bayan ɗaya. Sannan karɓar kati. Ɗimbin katuna suna kwance a ofisoshi, masu su sun ɗauka rajistar ce ƙarshen aiki.

Kamfen da ranar kanta

Lokacin kamfen za a zo da atamfa, sabulu, shinkafa da ambulan. Hana talaka karɓa da baki yana da sauƙi ga wanda ya ƙoshi. Abin da ya fi amfani shi ne ku rushe tsoron da ke biye da kyautar. Mutane suna ganin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, wasu ma an sa su rantsuwa. Ku gaya musu kada su yarda a rantsar da su, kuma babu mai ganin abin da suka sa a ambulan. Dabarar masu sayen ƙuri'a a tsarinmu sananniya ce: tunda kowane jeri da takardarsa, sai su ce ka fito musu da takardun abokan hamayya su ga shaidar nasu ka jefa. Amsar ita ce a zubar da ragowar takardun a buhun da aka ajiye cikin ɗakin sirri, a fito hannu wayam.

Mako ɗaya kafin ranar, kowane mai riƙe da gidaje ya koma zagaye na ƙarshe da tambaya uku: a wace makaranta rumfarka take, ƙarfe nawa za ka tafi, da wa za ka tafi? Wanda ya amsa ukun nan da bakinsa ya fi wanda ya ce in sha Allahu kawai kusa da zuwa. Zaɓe yawanci ranar Lahadi yake faɗawa, kuma an saba rufe iyakoki da taƙaita zirga-zirga tsakanin garuruwa. Fatake, direbobi da masu cin kasuwar Lahadi irin ta Pitowa su shirya dawowa gida tun Juma'a. Mata su raba kansu biyu, rabi su tafi da safe, rabi su riƙe yara da tukunya, da azahar a yi musanya. A biya wa mai babur ɗaya ko biyu kuɗin mai daga aljihun unguwa domin tsofaffi da masu ciki. In ɗan takara ne ya biya, ya sayi bakin kowa a hanya.

Ana buɗe rumfa ƙarfe 8 na safe, a rufe ƙarfe 6 na yamma. A tafi da katin zaɓe da na ɗan ƙasa. Wanda bai karɓi katinsa ba ya je duk da haka, domin katunan da ba a karɓa ba ana kai su rumfar da sunan mai su yake, kuma doka ta ba kwamitin rumfa damar barin wanda sunansa ke jeri ya yi zaɓe in ya tabbatar da ko shi wane ne. A ciki, ka ɗauki takarda ɗaya daga kowane tari tare da ambulan, ka shiga ɗakin sirri, ka sa guda ɗaya tak. Takardu biyu mabambanta a ambulan ɗaya, ko rubutu, ko wata alama, ƙuri'a ta lalace. In an haɗa zaɓen depite da na komin rana ɗaya kamar 2013 da 2020, akwati biyu ne, sau biyu za ka yi. Ku gwada wannan a tsakar gida da takardu masu launi kafin ranar, musamman ga masu zaɓen farko da waɗanda ba su yi boko ba, su san launi da tambarin da suke nema. Makaho ko mai naƙasa yana da ikon zaɓar wanda zai taimake shi, muddin ba ɗan takara ba ne ko wakilinsa.

Da an rufe, a nan rumfar ake ƙirga a bainar jama'a. Ku bar mutum biyu da fitila da biro su rubuta abin da aka faɗa. Wakilan jam'iyyu suna karɓar kwafin takardar sakamako, wadda ake kira PV, kuma da ita ake shiga kotu. Lokacin ƙorafi gajere ne ƙwarai: awa 72 a zaɓen depite, kwana 5 a na komin.

Tsakanin zaɓe da zaɓe: kasuwa

Ƙungiyar da ta taru domin zaɓe kaɗai takan watse da an sanar da sakamako, bayan shekara biyar a sake farawa daga tushe. Abin da ke riƙe ta shi ne cefane, tunda shi kullum ne. Kuɗin da gida ke kashewa a kasuwa yana raya wani, yana kashe wani, kuma a kasuwar ne ake ganin aikin komin ƙuru-ƙuru.

A fara da hatsi. Shinkafar Yagwa da Maga, daga filayen SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati, tana fita iyaka buhu-buhu tun tana shanshera, mu kuma muna cin ta jirgin ruwa. Ƙorafin matan gida a kanta gaskiya ne: tsakuwa da karyayye. Maganinsa a haɗa kuɗin gida biyar ko goma lokacin girbi, a sayi shanshera, a kai injin da ke da matacin tsakuwa. Kilo 100 yakan ba da wajen 60 zuwa 65 na farar shinkafa, da wannan za ku kwatanta farashi, kada ku manta da kuɗin mota da na inji. A ciji ƙwaya kafin a biya. In ta karye ƙas ta bushe, in ta lanƙwashe da danshi, za ta yi fumfuna a ɗaki kuma ruwa kuka saya da kuɗin shinkafa. Haka masakwa, wadda Fulani ke kira muskuwari, da gyaɗa da albasa. Sayen abin da gida zai ci shekara tanadi ne. Sayen amfanin gonar mutum tun yana tsaye da rabin kuɗinsa saboda yunwar Agusta ta matse shi, ko cika ɗaki da hatsi ana jiran maƙwabta su galabaita, wannan zalunci ne ko da ciniki aka kira shi.

Wake kuwa a sansana shi. Wari mai kama da tafarnuwa ko farin gari a gindin buhu alamar maganin ƙwari ne, a bar shi. Mai ajiya ya nemi buhun PICS mai ruɓi uku, dabarar da aka fara gwadawa a nan arewacin Kamaru tare da masu binciken noma na Marwa. A busar da waken sosai, a matse iska, a ɗaure leda ta ciki, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne daban. Ƙwaro iska yake rasawa ya mutu, don haka huda ɗaya ta ɓera ko yawan buɗewa ya ɓata aikin. A ɗora shi kan katako nesa da bango.

Kifin Lagdo da na Maga, a ƙi sayen 'yan ƙanana da ba su kai tsawon yatsa ba in irin masu girma ne, da gidan sauro ko raga mai ƙaramin ido aka kamo su, kifin baɗi ne ake ci bana. Busasshen kifin da ƙuda ke gudu alhali na kusa da shi ya cika da su abin tuhuma ne. Nama a nemi hatimin likitan dabbobi a jikinsa. Saniyar da aka kawo da dare a rabin kuɗinta, ba dillali sananne, ba takarda, mai sayenta yana ciyar da masu satar shanu da sace mutanen da suka tashi rugage a Adamawa. Naman daji da hauren giwa daga Waza, Benuwe, Faro ko Buba Njida, inda aka karkashe ɗaruruwan giwaye a 2012, babu abin tattaunawa a kansu. Haka maganin da ke kan tire cikin rana, teburin da ke sayar maka da na ciwon kai shi ke sayar wa ɗanka tramol.

Ledar nan sirara an hana ta tun 2014, ga ta nan tana toshe magudanai tana kashe awaki. Kwando ko jakar saƙa ɗaya da kwano mai murfi na mai da nama sun raba gida da ita. Itace a sayi busasshe ko sassaben dalbejiya, a bar ɗanye, a kuma sa murhu mai tsimin itace.

Talla ta fi wuya, kuma a nan muna roƙon a yi hankali. Ƙin sayen ƙosan yarinyar da ke yawo lokacin makaranta ba ya mayar da ita aji, faɗa kawai yake ja mata a gida. Abin da ke aiki shi ne gidaje uku ko huɗu su je wurin uwar su ƙulla ciniki na dindindin da ita kai tsaye: kullum za a aiko a karɓi na kaza a gida, a biya ƙarshen mako, da sharaɗin yarinya tana makaranta. Haka nan a taya da adalci. Mun iya matse tsohuwar da ta taso daga ƙauye da daddawa har sai ta sallama a faɗuwa, mu shiga kanti mu biya abin da aka rubuta ba musu. Dukawa da masaƙan Marwa kuma bashi ne ke karya su, in an karɓi aiki a biya.

Iyaka ɗaya da ba a ƙetarewa: kada a ƙaurace wa ɗan kasuwa saboda jam'iyyarsa, ƙabilarsa ko addininsa. Mudunsa da ingancin kayansa ake dubawa. Unguwar da ta fara raba shaguna da launin jam'iyya ta kunna wutar da zaɓe zai wuce ya bar ta tana ci.

'Yan kasuwar da ke cikin ƙungiyar su kuma nasu aikin shi ne tikiti. Duk wanda ya biya kuɗin wuri ya karɓi tikitinsa mai lamba, ya ƙi ragin da ake yi wa wanda ya yafe shi, domin kuɗin da ba tikiti ba ya isa asusun komin. Sai a yi lissafi. A misali, kasuwar mako mai masu kasa kaya 300, kowa yana biyan sefa 100, ta tara 30,000 a rana, 1,560,000 a mako 52. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta ba kowane mazaunin komin ikon neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, ko ya yi kwafi da kuɗinsa. A rubuta takardar nema da sunan mutum biyu, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa, a kwatanta abin da aka rubuta kasuwa ta kawo da abin da kuka ƙirga. Ranar da masu neman kujera suka zo zaure gaisuwa, a shimfiɗa musu tabarma, a ba su ruwa, a buɗe littafin a karanta musu lambobin biyu, sannan a tambaye su wane wata za a gyara magudanar mayanka da makewayin kasuwa, a rubuta amsar kowannensu da kwanan wata a shafin da ke biye.